Yadda Ake Fitar da Kod a Jita Daga Tsanin Hijaz

Duk wanda kunnensa ya saba da waƙoƙin Larabawa ko ƙira'ar makarantan Masar ya san Hijaz, ko da bai taɓa jin sunan ba: murya ta ɗan ɗaga kaɗan, sannan ta yi wani dogon tsalle mai sa kewa. Larabawa a al'adarsu karin murya ɗaya suke bi, ba sa ɗora masa kod, wato sautuka uku ko fiye da ake kaɗawa lokaci guda. Masu kiɗan filamenko na Andalus, a kudancin Sifen, irin su Paco de Lucía da ya rasu a 2014, su ne gwanayen wannan aiki a jita, don haka hanyarsu za mu bi.

Da farko sai ka samo tsanin a tsirkiya ɗaya. Kama ta shida, mai kaurin nan, wadda amonta E ne. Kaɗa ta a sake, sannan ka danna gaɓa ta 1, ta 4, ta 5, ta 7, ta 8, ta 10, ka tsaya a ta 12. Abin da ka kaɗa shi ne E, F, G#, A, B, C, D, ka sake cin karo da E a sama. Tazarar nan daga gaɓa ta 1 zuwa ta 4 ita ce gishirin miyar. Mai kaɗa udu, molon Larabawa, yakan ɗan rage faɗinta, tunda wuyan udu ba shi da gaɓoɓi, amma jita ba ta da wannan dama.

Ƙa'idar haɗa kod ba wuya: ka ɗauki sauti ɗaya, ka tsallake na gaba, ka ɗauka, ka tsallake, ka ɗauka. Daga E za ka samu E, G#, B, wato E mejo. Daga F kuma F, A, C, shi ma mejo. Mejo biyu maƙwabta, gaɓa ɗaya tak tsakaninsu: wannan ba ya faruwa a tsanin do-re-mi da aka saba. A da D suna ba da maino. Ragowar ukun, biyu matsattsu ne, G# da B, ɗaya kuwa, C, ya buɗe fiye da kima. A ganina mai koyo ya ajiye su tukuna. Na G# ma ba komai ba ne illa E7, wato E mejo da aka ƙara wa D, da aka cire wa gindi.

Yanzu ga aikin yatsu. Kama E yadda aka saba: ɗan ali a gaɓa ta 1 ta tsirkiya ta uku, na tsakiya a gaɓa ta 2 ta tsirkiya ta biyar, na zobe a gaɓa ta 2 ta tsirkiya ta huɗu. Kaɗa. Kada ka ɗaga ko ɗaya, ka zame da su ukun gaɓa ɗaya gaba, ka bar tsirkiya ta shida da ta biyu da ta farko a sake. Yatsunka na riƙe da C, F, A, sakakkun kuma na ba da E, B, E. Dukansu 'yan gida ne, amma F da E suna gogar juna har sai ka ji a haƙoranka. Zame ka dawo. Wannan kai-komo kaɗai ya isa wanda ke ɗaki na gaba ya ce kiɗan Sifen ake yi. In kana son gogar ta zauna ko a kan E, ɗora ƙaramin yatsa a gaɓa ta 3 ta tsirkiya ta huɗu.

Sai dai a yi hattara da tsirkiya ta uku, domin a sake G take, kuma G ba ta cikin tsanin. Akwai kuma tarkon da ya fi wannan. Sautukan nan bakwai su ne dai na wani reshen A maino, saboda haka in ka yawaita tashi daga E7 kana sauka a A maino, kunne zai ɗauka can ne gida, Hijaz ya gudu. Maganinsa ka fara da E, ka daɗe a kanta, ka bi ta D maino da F ka dawo, babban yatsanka yana ta bugun tsirkiya ta shida.

Su kansu 'yan filamenko ba sa bin ƙa'idar sau da ƙafa. Saukowarsu da ta shahara ita ce A maino, G, F, E, ga G nan ƙiri-ƙiri a ciki, G# kuwa sai an iso E take bayyana. In muryar mawaƙi ba ta dace da E ba, ba sa canja kamun yatsu, kapo, maƙallin da ke danne tsirkiyoyi duka, suke ɗaurawa a gaɓar da ta yi masa daidai, don sakakkun tsirkiyoyin su ci gaba da aikinsu.