Tambayar da Muke Tsoron Yi

Ranar 14 ga Yuni, 2020 aka tsinci gawar jarumin finafinan Indiya Sushant Singh Rajput a gidansa da ke Mumbai, yana da shekara 34. 'Yan sandan birnin suka ce shi ya kashe kansa, kodayake an daɗe ana ce-ce-ku-ce a kan lamarin. Abin tausayi, fim ɗinsa Chhichhore na 2019 labari ne na uban da ɗansa ya yi yunƙurin hallaka kansa saboda ya faɗi jarrabawa. Mu nan da muka tashi da kallon finafinan Indiya, magana ɗaya ce a bakin kowa: yaro ga kuɗi ga suna, me ya rasa?

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan kullum sai na ji wannan magana. Ciwon damuwa ba ya duba aljihu. Yakan hana barci, ya ɗauke sha'awar abinci da ta hira, ya sa mutum ya ɗauki kansa kaya ne a wuyan iyalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara.

An taɓa kawo mana wata mai jego, goyonta bai yi wata huɗu ba. An zaga da ita wajen masu magani, an yi hayaƙi, an sha rubutu, wasu na cewa aljanu, wasu sammu. Duk abin da na tambaya mijin ke amsawa: "Wallahi Sista ba abin da ta nema ta rasa." Na roƙi su ɗan ba mu wuri. Da muka rage mu biyu na ce, "'Yar uwa, tunanin kashe kanki yana zo miki?" Ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta ce, "Tun kafin arba'in. Ba wanda ya tambaye ni."

Mutane na gudun wannan tambaya don kada a cusa wa mutum abin da babu a ransa. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Wanda tunanin bai zo masa ba zai ce a'a. Wanda yake fama da shi kuwa ya samu inda zai sauke. Abin da ke rufe masa baki shi ne amsoshin da muka saba bayarwa: "ka cika rashin tawakkali", "wasu sun fi ka shiga matsala". Ba ya jahiltar cewa kashe kai haramun ne, sau da yawa ma sanin ne ke ƙara masa jin kunya. Addu'a da magani ba sa karo da juna. Mai hawan jini ma yana haɗa su, ba a ce imaninsa ya yi rauni.

Akwai kuma gyara a yadda muke yaɗa irin wannan labari. Bayan ɗan wasan barkwancin Amurka Robin Williams ya kashe kansa a watan Agusta na 2014, masu bincike sun ga yawan masu kashe kansu ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari a ƙasar a watannin da suka biyo baya. Mai tura hoton gawa da bayanin yadda aka yi a WhatsApp bai san hannun wa zai faɗa ba.

Doka ma tana sa a yi ɓoyo. Sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya tsira. Indiya ta sauya hanya a 2017, Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023. A ganina gurbin wannan mutum asibiti ne, ba gidan yari ba.

In ɗan uwanka ya fara cewa "na gaji da duniya" ko "gara in mutu ku huta", yana rabar da kayansa, yana neman yafiya ba gaira ba dalili, kada ka ɗauka zance ne kawai. Ka tambaye shi kai tsaye, ka saurara ba tare da faɗa ba, kada a bar shi shi kaɗai. A kulle maganin ƙwari da na feshin gona da tarin ƙwayoyi, domin sau da yawa ƙuncin na ɗan lokaci ne. Siri Lanka da ta hana magungunan feshi mafiya guba ta ga yawan masu kashe kansu ya ragu da fiye da rabi. Sannan a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, in sun yi nisa babban asibiti mafi kusa ya isa a fara. Maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, don Allah kada a yar da shi a mako na farko.