Daji Gidan Wasu Ne: Nasiha Ga Mai Shirin Zuwa Yankari

Ɗana,

Mahaifiyarka ta gaya mini cewa kai da abokanka kun haɗa kuɗi, kun yi hayar mota, har kun aro tanti, za ku je Yankari ku kwana biyu idan an ba da hutun ƙarshen shekara. Ita da fargaba ta faɗa mini, ni kuwa daɗi na ji. Matashin da ya tashi tsakanin kwalta da ƙarar janareta yana bukatar ya kwana a inda zai ji motsin ganye, ya ga taurari yadda kakanninsa suka gan su. Na ce mata ta bar ka ka tafi, amma na ɗauki alkawarin zan ba ka guzurin magana, shi ne wannan takarda.

Abin da nake so ka riƙe tun kafin ku tayar da mota shi ne, daji gidan wasu ne. Kuɗin da za ku biya a ƙofa izinin shiga ne kawai. Masu gida suna ciki tun kafin a haifi kakana: giwa da ɓauna, gwanki da kanki, gwambaza da mazo, dorina da kada, da tsuntsaye iri fiye da 350. Duk ladabin da aka koya maka na shiga gidan mutane, wato sallama, da zama inda aka nuna maka, da sassauta murya, da barin abin da ba naka ba, shi ne za ka ɗauka ka shiga da shi.

Yana da kyau baƙo ya san tarihin gidan da zai sauka. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe wannan daji a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, sannan a 2006 aka mayar da shi ga Jihar Bauchi, wadda ke riƙe da shi har yau. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Idan ka ji wannan adadi ka san cewa mutum zai iya ɓata a ciki a yi kwanaki ana nemansa. Daga Bauchi za ku kama hanyar Gombe, a Dindima ku karkata kudu har Mainamaji, inda ƙofar take, daga nan kuma akwai tafiyar kusan kilomita 40 a cikin dajin kafin ku kai sansanin Wikki. Ku yi sammako. Ku tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin ku tashi, ku cika tanki a gari, kada kuma ku bari dare ya same ku a hanya. Dare rigar mugu ne, kuma dabba ba ta san dokar tsallaka titi ba. Da kun wuce ƙofa, direbanku ya sauke ƙafa daga totur.

Kun zaɓi lokaci mai kyau. Da damina ciyawa takan fi mutum tsawo, ruwa yana ko'ina, dabbobi su bazu ba a ganinsu. Da rani kuwa tafkuna kan ƙafe, ƙishirwa ta koro kowa zuwa kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar dajin. Sai dai ka tuna hunturu za ku tarar. Kada zafin rana ya ruɗe ka ka bar bargo a gida, domin sanyin asubar daji ya fi na gari shiga ƙashi. Ka ɗauki rigar sanyi, da gidan sauro, da tocila mai batir na ajiya, da jarkar ruwan sha, da takalmi sau-ciki. Kullum da safe ka kife takalmin ka kakkaɓe kafin ka sa ƙafa, saboda kunama tana son wuri mai ɗumi da duhu. Wajen tufafi, ka bar baƙi da shuɗi mai duhu a gida, domin su ne launukan da ƙudan tsando ke bi, kuma cizonsa yana ratsa yadi. Ruwan ƙasa ko ruwan toka mai dogon hannu ya fi. Abinci kuma wanda ba ya lalacewa: gari da ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, kayan shayi.

Game da tantin da kuka aro, kada ku kafa shi sai inda ma'aikatan wurin suka nuna muku. Na san halin ƙuruciya, wani a cikinku zai ce ku matsa can ƙarƙashin wani kawo mai inuwa, nesa da mutane, don ku ji daɗin kaɗaici. Filin da ka gani a share a bakin ruwa sau da yawa hanya ce, masu ita da dare suke bi. Dorina takan fito kiwo bayan faɗuwar rana, kuma duk girman jikinta ta fi mutum gudu. Wanda ya tsaya tsakaninta da ruwa ya saka kansa a hatsarin da ba shi da magani. Da ɗan gari akan ci gari. Idan mai rakiya ya ce a tsaya, a tsaya. Idan ya ce kada a sauka daga mota, kada wanda ya sauka, ko da kuwa hoton duniya ne zai kuɓuce masa.

Bari in ba ka labarin abin da ya koya mini wannan. Shekarun baya, ina koyarwa, na raka ɗalibai Yankari. Muka fita zagayen yamma a buɗaɗɗiyar mota, yara suna ta surutu da waƙe-waƙe, mun yi fiye da awa guda ba mu ga komai ba sai gadu guda biyu da suka ruga da wutsiya a miƙe. Har an fara gunaguni. Can kusa da Gaji mai rakiyarmu, wani dattijo siriri mai ƙarancin magana, ya ɗaga hannu. Direba ya kashe mota. Ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna mana wani reshen marke da aka karye, ɓawonsa ɗanye, da kashi a tsakiyar hanya yana tururi. Muka yi tsit. Da farko ba na jin komai sai bugun zuciyata. Sai na ji ƙas, reshe ya karye a hagu. Sai wani gurnani mai zurfi wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Sannan giwaye suka fito ɗaya bayan ɗaya, jikinsu duk jar ƙasa, wata babbar uwa a gaba, ɗan ƙaraminta yana tafe a ƙarƙashin cikinta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙafafunsu. Halitta mai wannan nauyi, amma takunta ba ya ƙara, kamar mai tafiya a kan auduga. Uwar ta tsaya a tsakiyar hanya, ta juyo, ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga hanci tana shinshinar iskarmu. Babu wanda ya motsa. Da ta gamsu, ta sauke hanci ta wuce. Bayan sun ɓace dattijon nan ya ce da mu, tun ɗazu suna kusa, hayaniyarku ce ta hana su fitowa.

Tun daga ranar na gane cewa daji ba ya nuna kansa ga mai hayaniya. Saboda haka ina roƙonka, ku bar lasifikar kiɗa a gida. Wayarku ma ku ba ta hutu. Ba na hana ku ɗaukar hoto, amma kada ka kalli giwa ta cikin gilashin waya kaɗai alhali tana gabanka. Kuma idan kun yi zagaye biyu ba ku ga giwa ba, kada ka ce an cuce ku. Daji ba gidan zu ba ne, babu keji, babu wanda ya yi wa baƙo alkawari. Giwayen da suka rage a Yankari ba su wuce 100 zuwa 150 ba bisa ƙiyasin masu kula da su, amma duk da haka suna cikin garken da ya fi girma da ya saura a Najeriya. Zaki kuwa ƙalilan ne, wanda ya ji rurinsa da dare ma ya yi sa'a. Ka koyi jin daɗin ƙananan abubuwa: burtu yana takawa da ƙasaita a cikin ƙonanniyar ciyawa, garken zabin daji suna tsallaka hanya, sawun kura a kan yashi da safe.

A sansanin Wikki za ku haɗu da gwaggon biri, ko kun so ko ba ku so ba. Suna yawo tsakanin ɗakuna kamar 'yan gida, sun iya buɗe ƙofa, sun san leda, sun san abin da ake sawa a cikinta. Na ga wani ƙato ya tare yarinya 'yar shekara shida tana riƙe da burodi, ya yage baki ya nuna mata fiƙoƙi masu tsawon ɗan yatsa, ya fizge ya hau rufi. Yarinyar ta daɗe tana rawar jiki a hannun uwarta. Ban ga laifin birin ba. Baƙin da suka gabata ne suka riƙa jefa masa biskit don su yi dariya, har ya daina tsoron mutum. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Duk lomar da ka ba dabbar daji, ka koya mata tare hanyar wanda zai zo bayanka, wataƙila yaro ne. Ku kulle abincinku a cikin mota, kada ku kwana da shi a tanti, kada kuma ku ci a fili kuna tafiya.

Ruwan Wikki kuwa, ɗana, gani ya kori ji. Yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, garai-garai har kana ganin farin yashin ƙasansa, kuma ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina. An ƙiyasta yana zuba lita miliyan 21 a kogin Gaji kowace rana. Ka sauka wurin bayan sallar asuba, lokacin da sanyi ke cizon kunne, za ka ga tururi yana tashi a kan ruwan, bishiyoyi sun yi masa rumfa. Ka shiga ka ji ni'ima, amma da kunya. Akwai iyalan mutane, akwai mata da yara, ka kau da ido, kada ka nuna wayarka inda mutane ke wanka. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya ƙasa-ƙasa inda ruwan bai da zurfi, domin wajen bakin dutsen yana shanye mutum. Kada ku sa sabulu, kada ku jefa ko ledar ruwa guda. Ruwan da ya wuce ka, shi ne giwa za ta sha gobe.

Sai maganar wuta, wadda ta fi kowace damuna. A watan da za ku je, gamba ta bushe ƙayau, iskar hunturu tana kaɗawa. Guntun taba ɗaya ko garwashin da aka bari bayan shayi ya isa ya cinye abin da ƙafa ba za ta zagaye a wuni ba, da ƙwan tsuntsu, da kunkuru, da duk abin da ba ya iya gudu. Ma'aikatan daji sukan ƙona wasu wurare da gangan a farkon rani, da sani da lissafi, don su rage ƙarfin gobarar da za ta iya tashi daga baya. Wannan aikinsu ne. Ku dai ku yi girki a risho ko ƙaramar tukunyar gas. Idan an ba ku izinin hura wuta, ku share kewayenta har ƙasa, idan kun gama ku kwarara ruwa, ku tona tokar, ku sake zubawa, sai ka iya taɓa ta da hannu kafin ka juya mata baya.

Ka nemi a kai ku kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, guda 139 da aka haƙa ana haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa don tara ruwa. Akwai kuma kufan maƙera inda aka narka tama. Idan ka sunkuya ka leƙa ɗaya daga ɗakunan nan, ka tuna wasu sun kwana a ciki cikin tsoro da fata irin namu. Kada ka rubuta sunanka a bango, kada ka sa ko tsingaro a aljihu.

Kuma kada ka manta da mutanen da ke raye. Masu gadin daji suna kwana a waje makonni, suna fuskantar mafarauta masu bindiga, wasu daga cikinsu sun rasa rayukansu a wannan aiki. Ka gaishe su da girmamawa, ka yi wa mai rakiyarku ihsani ba tare da ya tambaya ba. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye ma suna biyan wani kuɗi da kai ba ka biya: giwar da za ka yi murnar gani, takan shiga gonar wani cikin dare ɗaya ta cinye wahalar shekara. Idan kun tsaya a Mainamaji, ku yi sallama, ku sayi abin da suke sayarwa, kada ku matsa ciniki har ya zama cuta. Dajin ba zai ɗore ba sai maƙwabtansa sun ga amfaninsa.

Kada hutu ya ci muku salla. Idan kun idar da isha'i, ku kashe tocila, ku zauna a tabarma ku ɗaga kai. Ba sai an yi magana ba. Ranar dawowa kuma ku zagaya inda kuka kwana, ku tsince komai, har sharar da ba ku kuka zubar ba, ku fito da ita gari. Baƙon kirki shi ne wanda idan ya tafi, mai gida ba ya ganin komai sai wurin da ya shimfiɗa tabarma.

Idan Allah ya dawo da ku lafiya, ka zo mu sha shayi. Hotunan ka nuna wa mahaifiyarka don hankalinta ya kwanta. Ni abin da zan tambaye ka shi ne me ka ji da kunnenka lokacin da aka kashe mota.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya yi maka albarka.

Baffanka.