Darasi: Farin Abu Da Ƙulutu A Jikin Kunkurun Gida

Kunkurun da aka fi ajiyewa a gidaje a ƙasar nan shi ne babban kunkurun Sahel, wanda ake samu daga Senegal har zuwa Sudan. Babu kunkurun tudu da ya kai shi girma a ƙasashen Afirka na kan tudu, domin namiji yakan wuce kilo 50. Wasu na kiwonsa don sha'awa, wasu kuma gadonsa suka yi. Kai malamin gona, wata rana mai kiwo zai kawo maka tambaya: ya ga wani farin abu kamar alli a kashin kunkurunsa, ko wani ƙulutu mai tauri a ƙafa ko wuya, an kuma ce masa "kalsiyam ne ya yi yawa". Amsar da za ka ba shi tana iya ceton dabbar, tana kuma iya kashe ta, saboda haka a kula.

Farin abin da ke fita da kashi

Wannan galibi ba kalsiyam ba ne. Dabbobi masu jan ciki ba sa fitar da dattin furotin cikin fitsari mai ruwa-ruwa kamar akuya ko saniya. Suna fitar da shi a matsayin wani farin sinadari da ake kira yurik asid, don kada jiki ya yi asarar ruwa. Hanya mafi sauƙi ta bayyana wannan ita ce ka nuna wa mai kiwo kashin kaza. Farin da ke samansa, shi ne fitsarin kazar, kuma abu guda ne da na kunkuru.

Abin lura shi ne laushinsa. Idan yana da laushi kamar kindirmo, lafiya lau. Idan ya koma gari-gari kamar yashi, ko ya dunƙule da tauri, to jikin kunkurun ya rasa ruwa, ko kuwa furotin ya yi masa yawa. Idan aka bar shi haka, sinadarin yakan taru a mafitsara ya zama dutse, kuma a babban kunkuru dutsen na iya wuce ƙwan kaza. Alamominsa su ne yunƙuri ba tare da kashi ya fito ba, jan ƙafafun baya da ƙin cin abinci. Hoton ƙashi ne ke tabbatar da shi, kuma babban dutse sai an yi aiki a asibitin dabbobi.

Ƙulutu a jiki

A nan ne aka fi yin kuskure, domin abubuwa uku ne masu kama da juna a ido. Na farko ƙurji ne. Mugunyar dabbobi masu jan ciki ba ta tsiyaya kamar tamu, daskarewa take yi kamar cuku, shi ya sa ake zaton alli ne. A kunkuru yakan fito a gefen kai, wajen kunne. Na biyu, sinadarin yurik asid ɗin nan ne ya taru a gaɓoɓi saboda ƙoda ta gaza fitar da shi, sai gaɓar ta kumbura, dabbar ta riƙa ɗingishi. Na uku ne kaɗai kalsiyam na gaskiya, wanda ke kwanciya a gefen gaɓoɓi, jijiyoyin jini da ƙoda. Yawanci ciwon ƙoda ne ke kawo shi, ko kuma an cika wa dabbar bitamin D na kwalba ko na allura. Wanda ya ɗauki maganin bitamin na kaji ya riƙa zuba wa kunkuru ba awo, shi yake jawo wannan.

Kada ka yanke hukunci da ido, kuma ka hana mai kiwo tsagawa da reza ko matsawa. Likitan dabbobi ne zai ɗebi kaɗan ya duba, ya san wanne ne. Af, akwai ma farin kumburi wanda ba ciwo ba ne: wasu nau'o'in tsaka, musamman mata, suna da 'yan jakunkuna biyu a gefen wuya inda suke adana kalsiyam don yin ɓawon ƙwai.

Haɗarin rage kalsiyam

Da zarar mai kiwo ya ji cewa kalsiyam ya yi yawa, sai ya janye shi daga abinci. Alhali ƙarancinsa ne ya fi addabar kunkurun gida, musamman ƙanana masu tasowa: ƙoƙon baya ya yi laushi, muƙamuƙi ya kasa tauna, ƙafafu su kasa ɗaukar jiki. Abincin kunkuru na bukatar kalsiyam ya ninka fosfaras kamar sau 2. Dusa da hatsi kuwa akasin haka suke, fosfaras ne ya rinjaya a cikinsu.

Kunkurun Sahel maci ciyawa ne. A ba shi ciyawa, ɗanya ko busasshiya, ta zama mafi yawan abincinsa. Ragowar tuwo, wake, nama da abincin kaji ba nasa ba ne, ko da yana ci da marmari. Harawar wake da ta gyaɗa a ba da kaɗan, don furotin ɗinsu na da yawa. A tafasa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka, a barbaɗa ɗan kaɗan a abinci sau 2 a mako. Game da bitamin D, rana ta wadatar: fatar dabbar ce ke haɗa shi idan hasken rana ya taɓa ta kai tsaye, amma ba ta cikin gilashin taga ba. A bar shi ya sha hantsi, a kuma tanadar masa inuwa ko rami da zai fake da tsakar rana.

Sai maganar ruwa. Ana yawan cewa kunkuru ba ya shan ruwa. A daji yana shiga rami mai danshi ne, abin da ba ya samu a tsakar gida mai siminti. A ajiye masa ruwa a faranti mai faɗi marar zurfi kullum. Ƙanana kuma a sa su cikin ruwa mai ɗan ɗumi, wanda bai kai hancinsu ba, na minti 15 zuwa 20, sau 2 ko 3 a mako, musamman da hunturu da bazara. Sau da yawa a cikin ruwan suke kashi, sai mai kiwo ya samu damar duba laushin farin da idonsa. Bayan an taɓa kunkuru ko ruwansa a wanke hannu da sabulu, a kuma sa ido kan yara, domin hanjinsa na ɗauke da ƙwayar salmonela mai kawo gudawa.