Darasi: Mafarautan Alaska Da Kifin Wel

A cikin teku akwai wata ƙatuwar dabba da ake kira wel. Jama'a suna ce mata kifi, amma ba kifi ba ce. Kamar ayu take. Tana leƙowa sama ta shaƙi iska. Tana haihuwa, tana kuma shayar da ɗanta nono.

A arewacin Alaska, cikin ƙasar Amurka, akwai wasu mutane da ake kira Inupiyat. Ƙasarsu ƙanƙara ce, ba a noma. Tun kaka da kakanni, farautar wel ce abincinsu. In an kashe guda ɗaya, sai a raba naman gida gida. Tsofaffi da gwauraye duk suna samun rabo. A watan Yuni kuma su yi bikin godiya.

Irin wel ɗin da suke farauta ba ya saurin yaɗuwa. Macen tana haihuwar ɗa ɗaya tak cikin shekara 3 ko 4.

Daga shekarar 1848 sai 'yan kasuwa suka shigo da manyan jiragen ruwa. Su kitsen suke nema, don a yi man fitila. Suka yi ta kisa ba ƙaƙƙautawa, har dabbar ta kusa ƙarewa.

A 1946 ƙasashen duniya suka kafa hukumar kula da farautar wel. A 1977 hukumar ta hana mutanen Inupiyat farauta. Masana sun ce wel ɗin da suka rage ba su kai 2,000 ba. Masu kare dabbobi suka goyi bayan hanin. Suka ce abin da ya ƙare ba ya dawowa.

Mafarauta suka ƙi yarda. Suka ce ba su ne suka yi ɓarnar ba, don me za a raba su da abincinsu da gadonsu? Suka kuma ce an yi kuskuren ƙirga, domin wel da yawa suna wucewa ta ƙarƙashin ƙanƙara, ido ba ya ganinsu.

Mafarauta suka kafa ƙungiya, suka haɗa kai da masana. Aka saka na'urar sauraro cikin ruwa, aka sake ƙirgawa. Ashe mafarauta ne da gaskiya. Aka daidaita: a yi farauta don ci, amma kada a wuce adadin da aka yanka. Ƙirgar 2011 ta nuna wel ɗin sun haura 16,000.

Farautar kasuwanci kuwa, an dakatar da ita a 1986. Amma Norwe ta koma yi a 1993, Japan kuma a 2019. Har yanzu ana gardama a kan wannan.

Abin lura shi ne, al'adar farauta ba ta ɗorewa sai da dabba a raye. Masu farautar ayu a kogin Binuwai da Kwara su ma su yi tunani.

Tambayoyi
1. Me ya sa wel ba kifi ba ne?
2. Su wa suka kusa ƙarar da wel a Alaska?
3. Yaya aka sasanta mafarauta da masana?
4. Wace dabba ce ta yi wuyar gani a yankinku?