Abin da ƙundun kaza ya koya mini game da asid ɗin ciki

Darasin yau ya ɗan shiga kimiyya, amma ku yi haƙuri ku bi ni, don asara ce ta sa na koma na sake buɗe littafi.

Lokacin da na fara kiwon buroila a saman benen gidanmu a Shahuci, tsadar abinci ta sa na ce bari in haɗa da kaina. Na sayo garin kifi mai araha, baƙi-baƙi, yana ƙaurin ƙuna. Ban damu ba. Bayan kwanaki kaji suka rage ci, wasu suna zubar da wani baƙin ruwa ta baki, suka fara mutuwa ɗaya-ɗaya. Da muka feɗe, sai ga fatar nan ta cikin ƙundu duk ta zaizaye, ta yi gyambo. Ni ina ta neman cuta, ashe asid ɗin cikinsu ne ya ci su.

To ya aka yi haka ta faru?

Idan kaza ta haɗiyi abinci, yakan fara tsayawa a jakar nan ta wuya, daga nan ya gangara wani ɗan ƙaramin ciki da ke gaban ƙundu, wanda masu fiɗa ke yankewa su yar. Wannan ɗan cikin shi ke fitar da asid da sinadarin narkar da furotin, wato pefsin. Ƙundu kuma shi ne dutsen niƙa. Ba kullum asid ke kwarara ba, akwai masu ba da umarni, sinadaran aike da ake kira homon, masu bi ta jini.

Na farko gastirin, wanda wani Bature ɗan Ingila, John Edkins, ya fara bayaninsa a 1905. A jikin kaza, yana fitowa ne daga mahaɗar ƙundu da hanji idan abinci ya iso, musamman mai furotin. Sai ya ce wa ɗan cikin nan: saki asid. Tare da shi akwai histamin, shi kuma kamar ɗan zuga ne, yana taɓa ƙwayoyin da ke yin asid su ƙara ƙaimi. Idan tsami ya kai inda ake so, wajen 2 zuwa 3 a ma'aunin pH, sai somatostatin ya taka birki, ya hana gastirin ci gaba da fita. Totur da birki ke nan. Can gaba a hanji kuma, wasu homon ɗin ke kiran fankiriyas ya zubo ruwa mai kashe tsamin don kada hanji ya ƙone.

Yanzu ku dawo kan garin kifina. Kifin da ya fara ruɓa kafin a busar da shi yakan tara histamin. Wanda kuma aka gasa da wuta fiye da kima, wani sinadari ne ke samuwa a cikinsa mai suna gizarosin, yana zama daidai inda histamin ke zama, kuma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Kun ga an danne totur daga waje, birkin jiki bai isa ya tsayar ba. Asid ya yi ta zuba har ya ci ƙundu, jini ya haɗu da shi ya koma baƙi. Shi ne ruwan da na gani. Tun daga ranar, garin kifin da ya yi duhu ko yake warin ƙuna ko ruɓa, ko kyauta ne ba na so.

Akwai kuma kishiyar wannan, kuma ita ta fi yawa a wajen sababbin masu kiwo: a ba 'yan tsaki abincin kajin ƙwai saboda shi ke gida. Abincin masu ƙwai yana da kalsiyam kusan kashi 4 cikin 100, na 'yan tsaki kuwa kusan 1 ne. Farar ƙasa da ɓawon kawa suna shanye asid, ɗan tsako kuma bai iya yin asid da yawa ba tukuna. Furotin ba zai narku sosai ba, ƙwayoyin cuta su sami hanyar wucewa hanji, ga ƙoda ta wahala. Ita mai ƙwai asid ɗin ne ke narkar mata da ɓawon kawa ta gina ɓawon ƙwai da dare, shi ya sa mai tsakuwa-tsakuwa ya fi mata gari. Masu jefa kanwa a ruwan kaji kullum, ku ma ku lura, kanwa kashe tsami take yi.

Abinci mai laushi kamar fulawa ma ba alheri ba ne. Ƙundu na son abin niƙa. Idan ya samu, abinci ya fi daɗewa a ciki yana jiƙa da asid.

Masu tarwaɗa, ku ma kuna ciki. Tarwaɗa na da ciki mai asid, amma 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe ba sa fara narkar da abinci da shi sai bayan wajen kwana 5 da fara ci. Dalilin da ya sa ake fara musu da artemiya ke nan kafin a koma busasshen abinci.

Duk wanda kaza ta mutu masa, kafin ya ruga sayen magani, ya feɗe ta, ya tsaga ƙundu, ya ɗaga fatar ciki ya duba. In kun ga zaizaya ko baƙin ruwa, ku tsayar da wannan buhun abincin, ku ɗauki gawar da ɗan samfurin abincin ku kai wa likitan dabbobi.