Daga Tsiro Zuwa Kumfa: Iyakar da ke Tsakanin Kunun Zaƙi da Giya

Gabatarwa

A gidajen ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi, da wuya a yi biki ko suna ko buɗa baki ba a dama kunun zaƙi ba. Sai dai sau da yawa uwargida kan tsaya tana shakka idan kunun ya kwana ya yi tsami: shin yana nan kunu, ko ya zama abin maye? Tambayar tana da nauyi, domin ta shafi addini da lafiya duka. Wannan darasi zai nuna cewa kunun zaƙi da burkutu da jar giyar Turawa duk hanya ɗaya suke farawa, kuma abin da ya raba su shi ne zafi da lokaci da wata ƙwayar halitta da ake kira yis.

Yadda sitaci ke zama sukari

Mafi yawan abin da ke cikin ƙwayar dawa sitaci ne, wato abincin da shuka ta tanadar wa ɗan tsironta. Idan aka jiƙa dawa aka baza ta aka rufe na kwana 3 zuwa 5, sai ta fara tsira. A wannan lokaci takan samar da wani sinadari mai suna amiles, wanda aikinsa shi ne yanyanka sitaci ya mayar da shi sukari. Wannan hatsi da ya tsira aka shanya shi ne muke kira tsiro. Masana biyu 'yan Faransa, Payen da Persoz, su ne suka fara ware wannan sinadari daga tsiron sha'ir a 1833.

Amiles ya fi aiki a zafin digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Salsiyos, kuma tafasasshen ruwa kashe shi yake yi. Shi kuwa sitacin dawa sai ya dahu kafin amiles ya iya cin sa da kyau. Dubi yadda iyayenmu mata suka warware wannan matsala: sukan raba ƙullu gida biyu, su dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, su bari ya ɗan huce, sannan su zuba ɗanyen kashin da aka haɗa da tsiro ko dankali. Shi ma dankalin Hausa yana ɗauke da amiles. Ba da jimawa ba sai kaurin ya tsinke, zaƙi ya fito ko ba a sa sukari ba.

Haka ma mai dafa giya a ɗakin girkinsa a Ingila ko Ailan yake yi. Yakan jiƙa niƙaƙƙen tsiron sha'ir a tukunya, ya riƙe zafin a wajen digiri 65 na kimanin awa guda, ya tace, ya tafasa ruwan da furen wata shuka mai ɗaci. Jan launin giyar da suke kira "jar el" daga ɗan gasasshen sha'ir yake zuwa. Jan burkutu kuwa daga fatar jar dawa ne, dangin launin karan dafi da majema ke rina fata da shi.

Tsami daban, maye daban

Da zarar ruwa mai zaƙi ya huce, ƙwayoyin halitta iri biyu ne ke rige-rigen cin sukarinsa. Na farko su ne bakteriya masu sa tsami, irin waɗanda ke mayar da madara nono, suke kuma sa kamu tsami. Louis Pasteur ya yi bayanin aikinsu a 1857. Mafi yawan abin da suke samarwa sinadarin tsami ne, wanda kan hana ƙwayoyin cuta da dama yaɗuwa.

Na biyu shi ne yis, wanda masu burodi suka sani. Yis yakan mayar da sukari abu biyu: itanol, wato sinadarin maye, da iskar kabon dayoksaid. A lissafi, giram 180 na sukarin gulukos kan ba da giram 92 na itanol da giram 88 na iskar. Wannan iska ita ce kumfar da ake gani. Yis ya fi jin daɗin zafin digiri 25 zuwa 35, wato zafin ɗakunanmu a mafi yawan shekara.

A nan hanya ta rabu. Mai kunu takan tace ta shayar kafin yis ya yi ƙarfi. Mai burkutu kuwa, kamar yadda aka sani a wajen Maguzawa, takan sake tafasa ruwan, ta bar shi ya huce, ta zuba guggubin tsohuwar giya mai cike da yis, ta bar shi yana kumfa. Baturen ma yis yake zubawa ya jira mako 1 zuwa 2, har giyar ta kai kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na itanol. Saboda haka tsami shi kaɗai bai nuna maye ba, amma kumfa mai tasowa da kanta alama ce ta cewa yis ya kama aiki. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna irin wannan iyaka a babin nabizu, wato ruwan da aka jiƙa dabino ko zabibi a ciki. Hukunci nasu ne. Namu shi ne bayyana abin da ke faruwa a cikin tukunya.

Abin lura ga uwargida

Da fari, a murje saiwa da hudar tsiro bayan ya bushe, a sheƙe su. Ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanayid, wadda ita ce ke kashe dabbar da ta ci gyauron dawa.

Na biyu, a wanke ƙwarya da tukunya da gorar roba da ruwan zafi, domin yis yakan maƙale a jikinsu ya jira sabon kunu.

Na uku, a dama daidai abin da za a sha a ranar. Wanda ya rage a sa shi a firji ko a jikin randa, gama sanyi yana rage wa yis hanzari.

Na huɗu, idan gora ta kumbura, ko ta yi huci da aka buɗe, ko ƙamshin citta da kanumfari ya koma wari mai hawa kai, a zubar. Tafasawa tana kashe yis, amma ba ta kawar da dukkan itanol da ya riga ya samu. Wannan doka ta haɗa har da zoɓo da tsimi.

Kammalawa

Ilimin tsiro yana da daraja a kasuwa. Da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antun lemon malt da na giya sun koma ga dawa, ciki har da irin SK5912 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, suna da filin bincike a ƙofar gida: su auna itanol a cikin kunu awa bayan awa, a lokacin hunturu da na bazara, domin mai kunu ta san adadin awoyin da kayanta za su iya jira.