Yadda Kwamfuta Ke Auna Wutar da Take Sha

Sa'ad da aka aike mu gwajin koyarwa a Lambata, bisa hanyar Suleja zuwa Minna, wani yaro ya kawo mini babban allon wata matacciyar kwamfuta daga shagon wansa. Kusa da gurbin ƙwaƙwalwarta akwai waɗansu 'yan dunƙulaye guda shida a jere, biyar lafiya lau, gindin na shida kuwa ya ƙone ƙurmus. Ya ce, "Malam, don me wannan kaɗai ya ƙone, alhali aikinsu ɗaya?" Ran nan na rasa amsa, kunya ta kama ni. Ga abin da na koyo daga baya, domin kada wani ɗan'uwana malami ya tsaya yadda na tsaya.

Wutar da ke zuwa daga madatsun ruwa irin na Shiroro, wanda ya fara aiki cikin 1990, tana shiga gida da ƙarfin folt 230. Akwatin wutar kwamfuta yakan rage ta zuwa folt 12. Amma ƙwaƙwalwar ba ta bukatar fiye da wajen folt 1, ko da yake yawan wutar da take sha yakan wuce amfiya 100. Hanya ɗaya ba ta iya ɗaukar wannan nauyi, saboda haka aka raba shi. Dunƙulayen nan shida kowanne naɗin wayar jan ƙarfe ne, watau koyil, suna kuwa aiki bi da bi.

Ku tuna da matan Gwari ranar kasuwar Lambata, kowace da ƙwaryar doya a kafaɗa. In mai rabon kaya ya zaci na wata ya kasa na sauran, zai yi ta ƙara mata har ta durƙusa. Haka nan akwai wata 'yar na'ura mai rabon wuta tsakanin koyil shida ɗin nan. Idan ma'aunin ɗaya ya nuna ƙasa da gaskiya, sai a yi ta labta masa har ya yi zafi ya ƙone. Ba lalle wannan ne kaɗai ke kawo ƙuna ba, amma yana cikin manyan dalilai.

To, ƙaƙa ake awon? Cikin 1827 wani malami Bajamushe, Georg Ohm, ya nuna cewa in an ninka yawan wuta da turjiyar waya, sai a sami ƙarfin da ya faɗi tsakanin bakinta biyu. Wayar koyil tana da 'yar turjiya tata, mu ce kashi ɗaya cikin dubu na om. Amfiya 20 ke nan za ta ba da milifolt 20. Wahalar ita ce ana kunna wutar ana kashewa sau dubu ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda, wannan tsalle-tsalle kuwa yakan rufe ɗan abin da muke nema. Maganinsa shi ne a haɗa rizisto da kafasita a jere, a ɗora su daga wannan baki na koyil zuwa wancan, sa'an nan a karanta awon a jikin kafasita.

Zaɓen waɗannan biyu shi ne gindin darasin. Ƙa'idar ita ce: rizisto sau kafasita ya yi daidai da ƙarfin koyil raba da turjiyar wayarsa. Ga misali. Koyil mai maikrohenri 0.5 da turjiyar om 0.001 yana ba da daƙiƙa 0.0005. In muka ɗauki kafasita mai maikrofarad 0.1, tilas rizisto ya zama om 5,000. In abin da suka bayar ya kasa, ma'aunin zai zuzuta duk wani canji na farat ɗaya, kwamfuta ta ɗauke ba dalili. In ya zarce, labari zai iso a makare.

Abu na biyu shi ne zafi. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa wajen kashi 0.39 cikin ɗari a kowane digiri. Koyil da ya tashi daga digiri 25 zuwa 75 turjiyarsa ta ƙaru kusan kashi 20 cikin ɗari, amfiya 20 sai ta bayyana kamar 24. Domin haka akan sa wani irin rizisto wanda turjiyarsa ke raguwa da zafi, a manna shi dab da koyil, don ya rama abin da jan ƙarfe ya ƙara.

Na uku, kada a yi arha a nan, gama arha ba ta ado. A nemi rizisto wanda kuskurensa bai wuce kashi 1 cikin ɗari ba. Kafasita irin C0G ba ya canzawa sosai da zafi, X7R yakan kauce har kashi 15, Y5V kuwa yana iya rasa fiye da rabin ƙarfinsa, bai dace da awo ba sam. Har wa yau, duka shidan su zama iri ɗaya, gama mudun da ya sha bamban da na maƙwabta shi ke kawo faɗa a kasuwa.

Na koma aji na rubuta lissafin nan a allo, yaron ya kwafe shi ya kai wa wansa. Ku ma ku gwada naku yara da wannan: koyil mai maikrohenri 0.3 da turjiyar om 0.001, kafasita kuma maikrofarad 0.1, rizisto nawa za a sa? Wanda ya ce om 3,000, ya gane darasin.